An Halatta Biyan 'Yan Wasa, Amma Ba a Rufe Littafin Doka Ba: Yadda Jami'o'in Amurka Ke Tsare Ƙa'idojin Wasanni

Ranar 6 ga watan Yunin 2025, Mai shari'a Claudia Wilken ta kotun tarayya da ke birnin Oakland a jihar Kalifoniya ta amince da wani sulhu da ya halatta abin da aka shafe kusan shekara saba'in ana hukunta jami'o'in Amurka a kansa, wato makaranta ta ciro kuɗi daga asusunta ta biya ɗalibi saboda yana buga mata wasa. Tun daga 1 ga Yulin shekarar, duk jami'ar da ta shiga tsarin tana iya raba wa 'yan wasanta kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Mutane da yawa da suka ji labarin sun ɗauka shi ke nan, an naɗe tabarmar doka, kowa ya yi abin da ya ga dama.

Ba a cika wata uku ba, a tsakiyar Agusta, hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'in Amurka ta lafta wa Jami'ar Michigan tarar da aka ƙiyasta ta haura dala miliyan 20, ta kuma ƙaƙaba wa tsohon kocin ƙungiyarta ta ƙwallon ƙafar Amurka Jim Harbaugh takunkumin shekara goma. Laifin bai shafi biyan kowa ba. Wani ma'aikacin ƙungiyar ne, Connor Stalions, ya riƙa saya wa mutane tikiti yana tura su filayen abokan hamayya su ɗauko bidiyon alamun hannu da masu horarwa ke yi wa 'yan wasa, alhali tun 1994 aka hana zuwa leƙen asirin wanda za a kara da shi nan gaba. Dole mai bin labarin daga nesa ya rikice: me aka halatta, me ya rage haramun, kuma sandar tana hannun wa yanzu?

Su wa ke cikin lamarin

NCAA ba ma'aikatar gwamnati ba ce. Ƙungiya ce ta jami'o'i da kwalejoji kusan 1,100, hedikwatarta na birnin Indianapolis, kuma ɗalibai fiye da dubu 500 ne ke wasa a ƙarƙashinta. Tun 1973 aka kasa makarantun rukuni uku. Rukuni na ɗaya shi ne na manya, nan kuɗin yake, nan kuma rigimar take. Rukuni na uku ba ya ba da tallafin karatu saboda wasa ko kaɗan. Makarantun ne ke zama su rubuta dokokin, su ne kuma ke biyan ma'aikatan da za su bincike su idan sun karya.

Wanda ya saba da gasar NUGA ta jami'o'in Najeriya, inda ake haɗuwa na 'yan kwanaki a watse, zai sha mamakin girman abin. Filin ƙwallon ƙafar Amurka na Jami'ar Michigan, ƙwallon nan da ake runguma a ruga da ita, yana cin mutum fiye da dubu 107. Gasar ƙwallon kwando ta maza da ake yi duk watan Maris, gidajen talabijin na CBS da Turner sun sayi izinin nuna ta a kan dala biliyan 8.8 na shekara takwas, har zuwa 2032. A jihohi da dama kocin jami'ar jihar ya fi kowane ma'aikacin gwamnati albashi, har da gwamna.

Kowace jami'a ta rukuni na ɗaya tana da ofis a cikin sashen wasanni wanda ba shi da wani aiki sai tabbatar da cewa ba a taka doka ba. A ƙaramar makaranta mutum ɗaya ne ko biyu, a manya akan sami goma ko fiye, da yawansu sun karanta lauya. Tushen aikinsu wata ƙa'ida ce da ta wajabta wa makaranta riƙe linzamin wasanninta. Ma'ana, jami'a ce ke ɗaukar alhakin abin da kocinta ya yi, da abin da ɗan wasanta ya karɓa, har da abin da wani mai hannu da shuni mai goyon bayanta ya aikata can a gidansa.

Wannan na ƙarshen ya fi ba su ciwon kai, domin a wurin NCAA duk wanda ya taɓa ba sashen wasannin jami'a gudummawa ya zama mutuminta, kuma sunan ba ya goguwa. Penny Hardaway, tsohon tauraron NBA, gasar ƙwallon kwando ta ƙwararru, ya ba tsohuwar makarantarsa, Jami'ar Memphis, kyautar dala miliyan ɗaya a 2008. A 2017, yana kocin wata sakandare, ya ba mahaifiyar wani yaro mai suna James Wiseman dala 11,500 don iyalin su koma Memphis da zama. Lokacin Hardaway ba ma'aikacin jami'ar ba ne, yaron ma bai zaɓi inda za shi ba. Da Hardaway ya zama kocin Memphis a 2018, Wiseman ya biyo shi a 2019, sai NCAA ta ce ai kuɗin nan daga hannun mutumin jami'ar suka fito. Aka dakatar da yaron wasa 12, aka ce ya fitar da kwatankwacin kuɗin ya ba da sadaka. Wasa uku kacal ya buga wa jami'ar, ya tattara ya-nasa-ya-nasa ya tafi shirin shiga NBA.

Inda dokokin suka samo asali

Mace-mace ne suka haifi hukumar. A kakar 1905 aƙalla mutum 18 suka mutu sanadiyyar ƙwallon ƙafar Amurka, kuma a shekarar ne Shugaba Theodore Roosevelt ya kira wakilan Harvard da Yale da Princeton fadarsa ya ce a gyara wasan. A 1906 aka kafa ƙungiyar, a 1910 ta ɗauki sunan da take amsawa yau. Tun farko ta tsaya a kan cewa ɗan wasan jami'a don sha'awa yake yi, amma ba ta da haƙoran cizo. Dokar farko mai tsauri da ta kafa a 1948 ba ta wuce shekara uku ba, saboda da aka zo ƙuri'ar korar makarantu bakwai da suka karya ta, ba a sami rinjayen da ake buƙata ba.

Haƙoran sun fito ne a zamanin Walter Byers, wanda ya riƙe hukumar daga 1951 zuwa 1987. A lokacinsa aka kafa sashen bincike, aka hana ƙungiyar ƙwallon kwando ta Kentucky buga kakar 1952 zuwa 1953 baki ɗaya, a 1956 kuma aka amince a ba ɗan wasa karatu da abinci da makwanci kyauta. Shi ne ya yaɗa laƙabin "ɗalibi ɗan wasa", kuma bayan ya yi ritaya da kansa ya bayyana dalili: gudun kada kotuna su ɗauki 'yan wasa a matsayin ma'aikata masu haƙƙin diyya. A 1955 Ray Dennison, ɗan wasan kwalejin Fort Lewis a jihar Colorado, ya rasu sakamakon bugun da ya sha a ka yana cikin fili. Matarsa ta nemi diyyar ma'aikaci, kotun ƙolin jihar ta hana, bisa hujjar cewa kwalejin ba sana'ar ƙwallo take yi ba. A kan wannan tubalin aka ɗora ginin duka: ɗalibi ne, ladansa karatu kyauta, duk abin da ya hau kan haka haramun ne.

Abin da ke kan teburin jami'in

Mafi yawan aikin ofishin nan lissafi ne da bin takardu. Kafin yaro ya sa rigar jami'a a rukuni na ɗaya, sai cibiyar tantancewa ta NCAA ta ga ya ci darussa 16 da ta ware a sakandare da matsakaicin maki aƙalla 2.3 cikin 4. Idan ya shigo, dole ya ɗauki cikakken karatu na aƙalla awa 12 a mako, ya gama kashi 40 cikin ɗari na digirinsa kafin shiga shekara ta uku, kashi 60 kafin ta huɗu, kashi 80 kafin ta biyar. Tsohuwar ƙa'idar da aka daɗe a kanta ita ce kaka huɗu yake da ita, a cikin shekara biyar. Ita kanta ƙungiyar ana auna ta da wani ma'aunin ci gaban karatu, wadda ta faɗi ƙasa da maki 930 cikin 1,000 tana iya rasa damar shiga gasar ƙarshen kaka. Haka ta faru da ƙungiyar ƙwallon kwando ta maza ta Connecticut a 2013, shekara biyu bayan ta ɗauki kofin ƙasa.

Sai lissafin awanni. A lokacin kaka ba a yarda koci ya riƙe 'yan wasa fiye da awa 20 a mako ko awa huɗu a rana ba, kuma sai ya ba su hutun kwana ɗaya. Duk mako ana cike takarda, a kira wasu daga cikin 'yan wasan su tabbatar. Sai dai lissafin yana da nasa karkatar: ranar wasa awa uku ake rubutawa ko da an wuni a fili, tafiya a mota ko jirgi ba ta shiga, zaman jinya wurin likitan ƙungiya ba ya shiga, atisayen da aka ce "na ganin dama ne" shi ma ba ya shiga, ko da kowa ya san wanda bai zo ba benci zai ɗumama.

Akwai kuma kalandar farautar yara 'yan sakandare, da ke faɗin ranar da koci zai iya kiran waya, da ranar da zai iya zuwa gidan iyaye, da makonnin da ba a yarda su haɗu ido da ido ba. Takunkumin farko da aka sa wa Harbaugh a 2024, na shekara huɗu, daga nan ya fito: ya gana da yara a lokacin da aka rufe ganawa saboda korona, sannan kwamitin ya ce bai faɗa wa masu bincike gaskiya ba.

Tsoron doka ya kai wasu ofisoshin ga abin dariya. A 2013 Jami'ar Oklahoma ta kai ƙarar kanta cewa 'yan wasanta uku sun ci taliya fiye da ƙima a wata walimar yaye ɗalibai, ta sa kowannensu ya ba da sadakar dala 3.83, kuɗin taliyar ke nan. Daga baya NCAA ta ce ita ba ta da dokar auna girman malmala. Amma tana da dokar yawan cin abinci a rana, kuma ba a ɗage ta ba sai a watan Afrilun 2014, jim kaɗan bayan Shabazz Napier, tauraron Connecticut, ya gaya wa 'yan jarida cewa akwai daren da yake kwana da yunwa.

Kai ƙarar kai ɗin nan ba wauta ba ce. Tun 2013 laifuffukan suna hawa-hawa: mataki na ɗaya mai tsanani, na biyu matsakaici, na uku ƙanana da ake gamawa da gargaɗi ko ɗan horo. Jami'ar da ke yawan kai rahoton ƙananan kurakuranta tana tara shaida ce cewa idonta a buɗe yake. Wadda shekara ta zagayo ba ta kawo ko ɗaya ba, ita ake zargi.

Sandar da ba ta kotu ba

NCAA ba ta iya aika wa kowa sammaci, ba ta iya buɗe asusun bankin mutum ko sauraron wayarsa. Abin da take riƙe da shi, duk koci da ɗan wasan da ke ƙarƙashinta wajibi ne ya ba da haɗin kai, kuma ɓoye gaskiya laifi ne mai zaman kansa wanda sau da yawa ya fi na asalin nauyi. A 2010 aka gano wasu 'yan wasan Ohio State sun sayar da zobban nasara da riguna, wasu sun yi musayarsu da zanen jiki. Dakatarwar wasa biyar aka yi musu. Kocinsu Jim Tressel kuwa, wanda ya sami labari ta imel tun watan Afrilu ya yi gum, har ya sa hannu a takardar cewa bai san da wani laifi ba, aikinsa ya rasa a 2011. Dillali ko attajirin da ba ya ƙarƙashin hukumar, idan ya rufe ƙofarsa magana ta ƙare. Shi ya sa sai da hukumar FBI ta shigo da na'urorin sauraron waya a 2017 kafin a kama mutum goma, ciki har da mataimakan koci huɗu da wani babban jami'in kamfanin Adidas, aka fito da maganar dala dubu 100 da aka yi wa iyalin wani yaro alkawari don ya tafi Louisville. Cinikin da kowa ke raɗe-raɗinsa shekara da shekaru ke nan.

Hukunci mafi tsanani a tarihi shi ne wanda ake wa laƙabi da "hukuncin kisa". A 1987 aka rufe ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Jami'ar Southern Methodist a jihar Texas na kaka guda, bayan an same ta tana ci gaba da biyan 'yan wasa daga wani ɓoyayyen asusu duk da tana cikin horo, da sanin shugaban majalisar gudanarwarta Bill Clements, wanda ya zama gwamnan jihar. Jami'ar da kanta ta soke kakar 1988. A shekara ashirin da suka biyo baya, sau ɗaya kacal ta gama kaka nasarorinta sun fi faɗuwa yawa, kuma tun daga nan ba a sake yi wa wata babbar ƙungiyar ƙwallon ƙafa irin wannan hukunci ba.

Ƙorafin da ya daɗe yana bin hukumar shi ne an bar jaki ana dukan taiki. A 2010 aka hukunta Jami'ar Southern California saboda kuɗi da gidan da dillalai suka ba iyalin Reggie Bush: hanin gasar ƙarshen kaka na shekara biyu da rage guraben tallafi 30. Lokacin Bush ya yi shekara huɗu a NFL, gasar ƙwallon ƙafar Amurka ta ƙwararru, kocin ma ya koma can, waɗanda hukuncin ya faɗa wa yara ne da ke sakandare sa'ad da aka yi laifin. Bush ya mayar da kambun Heisman na gwarzon ƙwallon ƙafar jami'o'i da ya ci a 2005, aka dawo masa da shi a 2024. Ƙorafi na biyu shi ne rashin daidaito. A Jami'ar North Carolina, binciken da Kenneth Wainstein ya jagoranta a 2014 ya gano shekara 18 ana gudanar da kwasa-kwasan bogi, babu aji babu malami sai takarda ɗaya a ƙarshe, ɗalibai kusan 3,100 suka amfana, kusan rabinsu 'yan wasa. A 2017 NCAA ta ce ba ta da hurumin hukuntawa, tunda kwasa-kwasan a buɗe suke ga kowane ɗalibi, ba gata ne na 'yan wasa kaɗai ba.

Waɗannan ƙorafe-ƙorafe sun sauya salon horo. Yanzu an fi karkata ga tara da kuma takunkumin da ke bin koci duk inda ya je, ta yadda makarantar da ta ɗauke shi sai ta zo ta yi bayani. A 2023 aka sami Tennessee da laifi fiye da 200, aka ci ta tarar dala miliyan 8, aka sa wa kocin Jeremy Pruitt takunkumin shekara shida, aka bar 'yan wasan suka ci gaba da gasa. Michigan ma ba a karɓe kofin da ta ci a kakar 2023 ba.

Yadda kotuna suka rushe katangar

Dokar da ta karya lagon NCAA ita ce ta hana 'yan kasuwa haɗa baki su ƙayyade farashi. Jami'o'i masu gasa da juna wajen neman 'yan wasa sun zauna sun amince babu wanda zai biya fiye da kaza, kuma a idon wannan doka abin tuhuma ne. A 1984 Kotun Ƙoli ta ƙwace ikon sayar da wasannin ƙwallon ƙafa ga talabijin daga hannun hukumar, kuɗi suka fara kwarara kai tsaye zuwa jami'o'i. A 2009 Ed O'Bannon, tsohon ɗan wasan UCLA, ya kai ƙara bayan ya ga kamanninsa a wasan bidiyo ba a ba shi ko sisi ba, kuma Wilken ce ta ba shi gaskiya a 2014. A 2019 Kalifoniya ta yi dokar da ta ba 'yan wasan jami'o'inta damar cin moriyar sunansu, wasu jihohi suka bi sahu. A watan Yunin 2021 alƙalan Kotun Ƙoli tara duka suka yanke wa NCAA hukunci a shari'ar Alston. Hukuncin a kan tallafin da ya shafi karatu kawai ya tsaya, amma Mai shari'a Brett Kavanaugh ya ƙara da nasa bayanin cewa irin wannan tsari da a kusan kowace sana'a ce a Amurka da haramtacce ne ƙarara.

Kwana goma bayan haka, ranar 1 ga Yulin 2021, hukumar ta janye haninta a kan abin da ake taƙaitawa da NIL, wato ɗan wasa ya karɓi kuɗi a yi amfani da sunansa ko hotonsa ko kamanninsa a talla. A takarda dai talla ce kawai, ba a yarda a biya mutum don ya zo wata makaranta ba. A aikace attajiran kowace jami'a suka kafa ƙungiyoyin karo-karo, suna tara miliyoyi suna raba wa 'yan wasa da sunan sa hannu a riguna ko halartar taron sadaka. Da NCAA ta fara bincikar Tennessee a kan haka, sai manyan lauyoyin gwamnatin jihohin Tennessee da Virginia suka maka ta a kotu, a watan Fabrairun 2024 alƙali ya hana ta aiwatar da dokar. A daidai wannan lokaci wata kotun ta karya dokar da ke sa mai sauya makaranta karo na biyu ya zauna shekara guda ba wasa, daga Afrilun 2024 kuma sauya sheƙa ya zama ba iyaka muddin karatun mutum na tafiya daidai.

Sabon tsarin

Sulhun 2025 yana ɗauke da sunan Grant House, ɗan wasan ninƙaya na Arizona State da ke cikin masu ƙarar. NCAA da manyan gamayyar jami'o'i za su biya diyyar kusan dala biliyan 2.8 cikin shekara goma ga waɗanda suka yi wasa tun daga 2016. Rufin dala miliyan 20.5 an samo shi ne daga kashi 22 cikin ɗari na matsakaicin kuɗin shigar manyan jami'o'i, kuma zai riƙa hawa duk shekara. Shiga tsarin ba tilas ba ne ga sauran, jami'o'in Ivy League irin su Harvard da Yale sun ce ba sa yi.

Batun kuɗi ya bar hannun masu binciken NCAA, ya koma wata sabuwar hukuma, College Sports Commission, ƙarƙashin Bryan Seeley, tsohon mai gabatar da ƙara da ya yi aikin bincike a gasar ƙwallon gora (baseball) ta ƙwararru. Duk yarjejeniyar talla da ta kai dala 600 sai ɗan wasa ya shigar da ita a wata manhaja mai suna NIL Go da kamfanin Deloitte ya taimaka aka gina. Abu biyu ake dubawa: shin akwai kasuwanci na gaskiya a bayan kuɗin, kuma adadin ya yi daidai da abin da ake biyan irinsa? Wanda aka ƙi tasa yana iya gyarawa, ko ya fasa, ko ya je gaban mai sasanci. Ba a yi wata guda ba aka fara ja-in-ja: a Yulin 2025 hukumar ta fitar da bayanin da ya kusan rufe ƙofar ƙungiyoyin karo-karo, lauyoyin 'yan wasa suka ce wannan ya saɓa wa sulhun, kafin watan ya ƙare ta sassauta.

NCAA ta ci gaba da riƙe karatu, cancantar shiga gasa, farautar yara, ƙwayoyin ƙara kuzari da caca. Cacar ma ta zama babban aiki tun da Kotun Ƙoli ta buɗe wa jihohi ƙofar halatta ta a 2018. Kocin ƙwallon gora na Alabama, Brad Bohannon, ya rasa aikinsa a 2023 saboda tsegunta wa wani ɗan caca cewa babban ɗan wasansa ba zai buga ba, ya kuma sami takunkumin shekara 15.

Inda aka rabu

NCAA a ƙarƙashin Charlie Baker, tsohon gwamnan Massachusetts, da manyan jami'o'i suna cewa in babu rufi masu kuɗi za su haɗiye gasar, kuma ribar ƙwallon ƙafa da ta kwando ce ke ɗauke da ninƙaya da kokawa da guje-guje, inda Amurka ke samun yawancin 'yan wasanta na Olamfik. Suna neman majalisar dokoki ta ba su kariya daga ƙararraki, ta kuma rubuta cewa ɗan wasa ba ma'aikaci ba ne. Lauyoyin 'yan wasa da ƙungiyoyin ƙwadago suna cewa a NFL da NBA ma akwai rufin albashi, amma can da ƙungiyar 'yan wasa aka zauna aka yi ciniki har suka sami kusan rabin kuɗin shiga, nan kuwa ba a zauna da kowace ƙungiya tasu ba. Maganar ma'aikaci ba ta mutu ba: a 2024 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ce ba za a kore yiwuwar hakan ba, 'yan ƙwallon kwandon Dartmouth kuma suka kaɗa ƙuri'a 13 da 2 don kafa ƙungiyar ƙwadago, kafin su janye a ƙarshen shekarar.

Ƙananan jami'o'i suna kukan ana yanke musu kaso don biyan diyyar da yawancinta 'yan wasan manya za su karɓa. Wasu mata 'yan wasa sun ɗaukaka ƙara, suna cewa rabon da ya ba maza 'yan ƙwallon ƙafa da kwando kusan kashi 90 ya saɓa wa dokar 1972 da ta hana bambancin jinsi a makarantun da ke karɓar kuɗin tarayya. Shi kuwa jami'in bin ƙa'ida yana tsakiya: dokar jiharsa na faɗin abu ɗaya, NCAA wani, sabuwar hukuma wani, kuma albashinsa daga sashen da yake sa wa ido yake fitowa.

Wa abin zai taɓa

'Yan tsirarun taurari suna karɓar miliyoyi, mafi yawan 'yan wasa kuwa ɗan abin da ba a rasa ba. Sulhun ya cire iyakar yawan tallafin karatu ya sa iyakar yawan mutane a ƙungiya: 105 a ƙwallon ƙafa, 15 a kwandon maza, 45 a guje-guje da tsalle-tsalle. Yaran da ke biyan kuɗin makarantarsu suna wasa don sha'awa su ne guraben nasu ke raguwa, ko da yake alƙaliyar ta tilasta a keɓe waɗanda ke ciki a lokacin. 'Yan kallo ma sun ji a jika, Tennessee ta ƙara kashi goma a kan tikiti ta ce na biyan 'yan wasa ne. Wasu makarantun sun fara datse ƙananan wasanni, a Yunin 2025 Washington State ta soke ɓangaren tsalle da jifa daga ƙungiyar guje-gujenta.

Nan ne lamarin ya taɓo Afirka ta Yamma, domin wannan hanya ce da Hakeem Olajuwon ya bi daga Legas zuwa Houston a 1980, Joel Embiid daga Kamaru zuwa Kansas, Tobi Amusan zuwa El Paso, da Samuel Ogazi daga Kaduna zuwa Alabama, wanda ya kai wasan ƙarshe na tseren mita 400 a Olamfik ɗin 2024. Yaron da ke neman bin sawunsu sai ya gabatar da sakamakon karatunsa tun daga aji uku na ƙaramar sakandare har zuwa takardar WAEC ko NECO. A yawancin wasanni shekara ɗaya ake ɗaga masa bayan gama sakandare, in ya wuce haka yana shiga gasa a gida, kowace shekara tana cinye masa kaka guda. Ana kuma tambayarsa duk kulob ɗin da ya buga wa, da abin da aka ba shi, da ko ya taɓa sa hannu da wani dillali. A 2010 an hana Enes Kanter buga wa Kentucky har abada saboda dala 33,033 da ya karɓa daga Fenerbahce ta Turkiyya fiye da kuɗin ɗawainiya. A ƙarshen 2025 kuwa James Nnaji, ɗan Najeriya da ya buga wa Barcelona har aka zaɓe shi a zaɓen sababbin 'yan wasan NBA na 2023, ya sami izinin buga wa Baylor, tunda bai taɓa sa hannu a kwantiragin NBA ba.

Akwai kuma dokar da ba ta NCAA ba ce sam. Yawancin baƙin ɗalibai da biza nau'in F-1 suke shiga, wadda ta hana aiki a wajen makaranta sai da izini na musamman, kuma tsayawa gaban kyamara a yi talla aiki ne a idon hukumar shige da fice. Wanda ya karya yana iya rasa bizar da karatun gaba ɗaya. Lauyoyi sun rabu a kan ko kason da jami'a ke rabawa yanzu ladan aiki ne ko kuɗin hayar suna, saboda haka kowace makaranta da irin takatsantsan ɗin da take yi. Oscar Tshiebwe, ɗan Kwango da aka zaɓa gwarzon ƙwallon kwandon jami'o'i a 2022, sai da ƙungiyarsa ta Kentucky ta je wasannin share fage a tsibirin Bahamas a watan Agustan shekarar, sannan ya zauna ya ɗauki hotunan talla ya sa hannu a katuna cikin mako guda, kafin jirgi ya mayar da shi ƙasar da abokan wasansa ke yin irin wannan aiki daga ɗakin kwanansu.